Gwaggo Mai Guduma da Filash Mai Lamba Sha Bakwai

Ƙarfe bakwai da kwata take isowa, kafin masu shara su gama da barandar asibitin. Matakala huɗun nan na ƙofar baya, ɗaya bayan ɗaya take hawansu tana dafe da gwiwar hagu, ta tsaya a ta ƙarshe ta mayar da numfashi, sannan ta lalubo makullai a ƙasan jaka. Ɗakin ajiyar bayanan marasa lafiya shi ne na can ƙurya, tsakanin sito da banɗakin ma'aikata, inda ba mai zuwa sai da dalili. Taga ɗaya ce, sai fanka mai kukan da kowa ya daina ji, sai kwamfutoci uku da durowar ƙarfe. Kafin ta ajiye jaka, kafin ma ta amsa gaisuwar kowa da kyau, durowar take buɗewa ta duba filash ɗinta, 'yan na'urorin nan na ajiye bayanan kwamfuta. Kowanne da lambar da ta rubuta masa da farin fenti. In sun cika, ta zauna ta tuɓe takalmi ta ɗora ƙafa kan kwalin takarda. In ɗaya bai kwana a wurinsa ba, to ranar ba mai shan shayi da daɗi a asibitin.

Shekara ashirin da tara ke nan tana wannan, kuma ƙarshen watan jiya ta ajiye aiki. Sunanta na yanka yana nan a takardun ofis, amma daga likita har mai gadi ba wanda ke kiranta da shi. Gwaggo Mai Guduma ake cewa, a gabanta ma, ita kuma ta daɗe da gajiya da hanawa.

Da katin takarda ta fara. Da kwamfuta ta zo, aka rasa wanda zai je kwas, sai aka tura ta don ita ce ba ta iya cewa a'a a lokacin. Asibitin yana da ƙananan rassa biyar a ƙauyukan da intanet ba ya isa, don haka kowane mako direba ne ke zagayawa ya dawo da bayanansu a filash. Abu ne da bai kai ɗan yatsa ba, in ya faɗi a ƙasan mota sai an haska. Amma a cikinsa akwai rijistar masu karɓar maganin cuta mai karya garkuwar jiki: suna, unguwa, lambar waya, da sunan wanda za a kira in ta ɓaci. Wasu matansu ba su sani ba. Wasu iyayensu ba su sani ba. Akwai mai sayar da abinci da in aka ji, ko ruwa ba za a ƙara saye a hannunta ba, akwai malamar makaranta da iyayen yara za su taru a kanta. Wannan shi ne abin da Gwaggo take gadi, kuma ta fi kowa sanin nauyinsa, domin da yatsunta take shigar da sunayen.

A wajen kwas ɗin aka ba ta wani littafin ƙa'idojin tsaron irin waɗannan na'urori, mai kauri, da Turancin da ko likitoci sai sun maimaita layi. Wata huɗu ta yi tana fama da shi da ƙamus a gefe, ta tace shi ya koma shafi ɗaya da Hausa, ta manna a bayan ƙofa. Shafin yana nan har yau, ya yi ja don tsufa. Filash ɗin da ba shi da lamba ba ya shiga kwamfutar asibiti, ko na wane ne. Na asibiti ba ya kwana a gida. Tun ranar da aka saye shi ake kulle shi da kalmar sirri, irin kullen da ke birkita abin da ke ciki yadda ko an tsince shi ba za a karanta komai ba, kuma in aka yi kuskuren kalmar sau goma ya rufe ke nan. Duk wanda ya dawo daga ƙauye sai ya fara bi ta wata tsohuwar kwamfuta da ba a haɗa ta da komai ba, wadda ma'aikata ke kira wurin wanka. Sauran kwamfutocin kuwa, ta bi su da gam ta toshe duk wata kafar da za a iya soka filash, ta bar ɗaya tak.

Kada mai karatu ya ɗauka an gode mata. Ba a gode ba.

"Gwaggo, minti ɗaya ne fa," in ji wani sabon likita wata rana, yana miƙo nasa filash ɗin. "Takarda ɗaya zan fitar."

"Ɗana, ina lambarsa?"

"Nawa ne ai. Tun ina makaranta nake amfani da shi."

"To shi ya sa. Ya shiga gidaje da yawa."

"Ni ne fa likitan da ke duba mutanen nan."

"Na sani. Allah ya ƙara basira. Ba zai shiga ba."

Haka take, ba ta ɗaga murya, ba ta kuma matsawa. Babbar nas ta ce mini ta taɓa ƙin yi mata magana mako uku saboda irin wannan. Ita Gwaggo ko a jikinta, kullum da safe sai ta gaishe ta, ta tambayi yara, ta wuce.

Sunan nata kuwa ya samo asali ne daga ranar guduma. In filash ya tsufa, ba a jefar da shi, ba a kuma kyautar da shi. A wani gwangwanin madara take tara su, in sun taru ta kira shaidu biyu bayan sito, ta fasa kwanson kowanne, ta zaro ɗan baƙin abin nan mai kusurwa huɗu da ke ciki, ta ɗora shi kan dutse ta daka har ya zama gari. Mutane suna dariya, suna cewa ai gogewa ta isa. Ta yi bayani har bakinta ya gaji: gogewa a filash kamar cire suna ne daga ƙofar ɗaki alhali mai ɗakin yana kwance a ciki. Na'urar ma da kanta takan sauya wa rubutu wuri don kada gefe ɗaya ya cinye, ta bar tsohon a inda kai ba ka gani. Duk mai manhajar da ta dace zai iya tashe shi. Su ce to, su koma su ci gaba da dariyarsu.

A gida ma ba a bar ta ba. Maigidanta tela ne, mutum mai son hira, yana ɗinki yana ba da labari. Ya ce mini, rabi wasa rabi gaske: "Matan mutane in sun dawo daga aiki sukan zo da labari. Tawa sai ciwon gwiwa. Shekara kusan talatin, ban san ko mutum ɗaya da ke zuwa asibitin nan ba, sai ka ce aljanu suke dubawa." Babbar 'yarta ta ce abin da ya fi ba ta mamaki tun tana ƙarama shi ne in sun shiga kasuwa, sai ta ga wani ya hango Mama ya sunkuyar da kai, ita kuma Mama ta wuce shi tana taya tumatir kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Sai da ta girma ta gane abin da take gani.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Daga bakin direba na ji shi, da babbar nas, da shi kansa shugaban sashen, wanda suke kira Oga. Ita dai ba ta ce mini uffan ba.

Shekara shida da suka wuce mahaifiyarta ta kwanta ciwo, ta ɗauki hutun mako biyu, hutu na farko a shekara huɗu. Ta bar makullin durowa a hannun Oga, domin haka ƙa'ida ta ce. A cikin durowar akwai gwangwanin madara da tsofaffin filash goma sha biyu suna jiran guduma. Na zamanin farko ne, tun kafin a fara kullewa, abin da ke cikinsu a buɗe yake. Oga mutum ne mai tsimi, wanda ko ambulan ɗin wasiƙa sai ya juya ya sake amfani da shi. Ya ga kaya lafiya lau za a daka, abin ya tsaya masa a rai. Ya zauna da yamma ɗaya ya yi musu fomat duka, wato ya goge su, ya ga kowanne ya nuna babu komai, ya raba wa ma'aikata kyauta. Da zuciya ɗaya ya yi, wannan kowa ya shaida.

Ranar Litinin da ta dawo, da ido a kumbure don rashin barcin jinya, ta buɗe durowa ta ɗaga gwangwani ta ji shi sakayau. Babbar nas ta ce ba ta taɓa ganin fuskar mutum ta zube haka ba. Ba ta yi faɗa ba. Ta sa takalminta ta bi ofis-ofis tana miƙa hannu, kafin ƙarfe goma ta tara goma sha ɗaya. Saura mai lamba sha bakwai, na reshen da ya fi kowanne yawan masu karɓar magani. Mutum ɗari huɗu da 'yan kai. Ta nufi wurin Oga.

"Ranka ya daɗe, ina sha bakwai?"

"Yana gida, na ba uwar yara. Haba Gwaggo, na ce miki na goge su. Da idona na gani."

"Zo ka ga wani abu da idon naka."

Ta kai shi gaban wurin wanka, ta rufe ƙofa, ta soka ɗaya daga cikin waɗanda ya goge. Ba a yi minti goma ba sunaye suka fara jeruwa a allo, da unguwanni, da lambobin waya. Oga ya nemi kujera ya zauna. Ya ciro waya ya kira matarsa. Gwaggo tana tsaye tana jin rabin maganar, har inda ya ce, "Wane shago?"

Ga abin da ya faru. Matar ta zuba hotunan marigayin mahaifinta a filash ɗin, sai ta goge su bisa kuskure. Da safiyar nan ta kai shi wani shagon kwamfuta a bakin kasuwa, wanda aikinsa ke nan, har da allo a ƙofa: ana dawo da hotunan da suka goge. Manhajar da zai sa ba ta san hoto daga rijista ba. Duk abin da ya taɓa kwana a ciki za ta tayar, ta jera masa.

Oga ya ce yana da taro. Direba ya ce babu wani taro, kunya ce. Direban ne ya ɗauki Gwaggo a motar asibiti, rana tsaka, aka kuma tarar da cunkoso a mararraba. Ya ce sai ji ya yi an buɗe ƙofa. Matar da ke hutawa a kan matakala huɗu, ita ce ta ratsa tsakanin motoci da ƙafa, tana jan gwiwa, mayafi yana zamewa tana gyarawa.

Shagon ƙarami ne, benci ɗaya, mutum biyar suna jira, allon kwamfutar kuma yana fuskantar bencin. Filash ɗin yana soke, farar lambarsa a waje. Wani koren layi yana tafiya a allon, ya wuce rabi. In ya kai ƙarshe ne sunayen fayiloli za su fito.

"Sannu da aiki, ɗana. Filash ɗin nan na asibiti ne. Tsayar da shi."

Mai shagon ya dube ta sama da ƙasa. "Mama, wata ce ta kawo shi, ba ke ba. Ni ba na ba wa mutum kayan da ba shi ya kawo ba."

"Ka yi daidai. Da a wurina kake aiki da mun shirya. Amma tsayar da shi tukuna, a kira ta."

"Saura kaɗan ya gama ai. Me ke ciki ne haka?"

Nan ne wurin ya yi mata wuya. In ta faɗa, ta jawo hankalin mutum shida kan abin da take ɓoyewa. In ta yi shiru, layin yana tafiya. Direba ya iso daidai lokacin, yana haki. Ya ce ya ga ta taka ta shiga tsakanin allon da mutane, ta ba shi baya, ta buɗe mayafinta da hannu biyu ta rufe shi ruf, sannan ta miƙa ƙafa ta taka maɓallin soket ɗin da ke ƙasa. Kwamfuta ta mutu, fanka ta tsaya.

Mai shagon ya zazzaga mata masifa, da gaskiyarsa kuwa, domin aikin wasu ma ya tafi. Masu jira suka sa baki, wani ya ce a kira 'yan sanda, wata ta ce tsufa ne. Ba ta rama ko ɗaya ba. Ta zauna a bakin bencin ta ɗora hannu kan filash ɗin, ta ce ba za ta ɗauka ba sai mai shi ta yarda, ba kuma za ta tashi ba. Awa biyu da rabi ta yi a haka, kafin matar Oga ta zo da ɓacin ranta.

"Hotunan babana ne. Su kaɗai suka rage mini."

"Na sani, 'yar'uwa. Ni ma tawa uwar tana kwance. Ki ba ni zuwa la'asar, zan fitar miki da su da hannuna."

Da ƙyar matar ta yarda. Gwaggo ta koma ɗakinta da filash ɗin ta rufe ƙofa, ta fitar da hotunan a wurin wanka ita kaɗai. Talatin da ɗaya suka dawo. Tara sun lalace, kuma mai yiwuwa yanke wutar nan ne ya lalata su. Gwaggo ba ta ɓoye ba, ta faɗa wa matar haka, ta ba ta haƙuri. Matar ba ta ƙara gaishe ta ba har yau. Da la'asar Gwaggo ta kira babbar nas da direba bayan sito, ta daka goma sha biyun. A ranar ba wanda ya yi dariya. Mahaifiyarta ta rasu bayan kwana tara.

Lada kuwa? Takardar tuhuma aka ba ta, kan fita da motar asibiti ba izini da tayar da hankali a shagon mutane. Da ta so, layi uku za ta rubuta ta wanke kanta. Amma rubutawar na nufin takarda ta zagaya ofisoshi tana cewa rijistar ta taɓa fita kasuwa, kuma in maganar ta kai kunnen masu karɓar magani, da yawansu ba za su ƙara tako asibitin ba. Sai ta rubuta cewa ta yi kuskure, a yi haƙuri. Ƙarin girman da take jira a shekarar ya wuce ta, bai kuma sake dawowa ba.

Ke ce, Gwaggo, kika zauna shekara ashirin da tara a ɗakin da ba mai leƙowa sai zai yi ƙorafi. Aikinki irin wanda in an yi shi daidai ba a ganin komai ne: ba auren da ya mutu, ba shagon da aka ƙaurace wa, ba yaron da aka nuna da baki a makaranta. Wa zai zo ya gode miki kan abin da bai faru ba? Na san kin gaji. Ana ganin gajiyar a tafiyarki, da yadda kike lumshe ido kafin ki sake faɗin abin da kika faɗa sau dubu. Mai guduma, mai riƙon amana, kin gaji amma ba ki saki ba.

An yi mata ɗan taron sallama a barandar, da lemo da kujerun roba. Oga, wanda shi ma furfura ta cim masa, ya tashi zai karanta jawabi, sai ya ninke takardar ya ba da wannan labarin da bakinsa, ya ce shekara shida yana ɗauke da neman gafarar da ya kasa furtawa. Ita tana zaune tana murza gwiwa. Ta ce, "Ya wuce, ranka ya daɗe. A dai riƙa kullewa." Ta miƙa wa wadda za ta gaje ta makullai da gudumar, wadda ƙotarta ta yi santsi. Magajiyar tata ta tambaye ta cikin raha, to sunayen da ke kanta fa, wace guduma za a sa musu? Gwaggo ta ce waɗannan tare za a rufe su da ita.

Ni malamar makaranta ce, ba ma'aikaciyar asibiti ba. Na je taron ne don na ji za ta tafi. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina karɓar magani, kuma a reshen nan mai yawan jama'a na fara, a shekarun da filash mai lamba sha bakwai yake zagaye. Ina zaune a kujerar baya Oga yana magana, na lissafa shekarun. Sunana yana ciki. A lokacin 'ya'yana ba su sani ba, shugabar makarantarmu ba ta sani ba. Daga baya na faɗa musu, ɗaya bayan ɗaya, a ranar da na zaɓa, da kalmomin da na zaɓa. Yau ma ga shi na faɗa wa duniya, don na ga dama. Da koren layin nan ya kai ƙarshe, da wani ne ya faɗa a madadina, a bakin kasuwa.

Na gode, Gwaggo. Allah ya ba gwiwar nan sauƙi, ya rufa miki asiri yadda kika rufa mana. Ku kuma da kuke riƙe da sunayen mutane a ofisoshi, a aljihu, a ƙasan jaka tare da makullin mota, ku kulle abin nan tun ranar farko, kada ku ara, kada ku kyautar, in ya tsufa ku daka shi. In kuma akwai wata mai taurin kai irinta a wurin aikinku, ku rage mata wahala tun tana nan.

Da aka tashi na bi layin masu sallama. Sau ɗari da wani abu ta shigar da sunana a kwamfuta, ta san ranar haihuwata, ta san lambar ƙanena. Na kama hannunta da niyyar in faɗi duk wannan. Mutane suna tsaye kewaye da mu. Ta ɗago ta dube ni da gajiyayyun idanunta, ta riƙe hannun nawa ta ɗan matse shi.

"Sannu da zuwa, 'yata," ta ce. "Ke 'yar'uwar wace ce a nan?"